Darasi: Bin Sawun Buƙatun Bayan Fage Idan Furoksi Ya Karkatar da Adireshi

Manufofin darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi zai iya:

1. bayyana yadda shafin intanet yake neman bayanai ba tare da ya sake buɗewa ba;
2. faɗin aikin furoksin ƙofa da iyakar abin da yake iya sauyawa;
3. bin buƙata guda daga burauza har zuwa manhaja, ya gano inda adireshinta ya kauce;
4. bambanta gyara mai ɗorewa da gyaran da zai sake warwarewa.

Buƙatar bayan fage

Shafin intanet yana samun bayanai ta hanya biyu. Ko dai burauza ta nemi shafin sukutum, allo ya share, sabon shafi ya fito. Ko kuwa shafin da ya riga ya buɗe ya aika ɗan saƙo a ɓoye zuwa saba, wato kwamfutar da ke riƙe da shafin, amsa ta dawo, ya cike gurbi ɗaya kawai. Hanya ta biyu ce ke aiki idan mutum ya fara rubuta suna a akwatin bincike sai ga sunaye suna jeruwa a ƙasa, ko idan sabon saƙo ya shigo alhali ba a taɓa komai ba. Umarnin JavaScript da ke cikin shafin shi ke aika waɗannan saƙonni.

Kamfanin Microsoft ne ya fara saka wannan dabara a cikin Internet Explorer 5 a shekarar 1999, sauran burauzoji suka ɗauke ta da sunan XMLHttpRequest. A watan Fabrairun 2005 Jesse James Garrett ya raɗa wa salon suna Ajax, lokacin da Gmail da Google Maps suka riga suka nuna amfaninsa. Daga 2015 burauzoji suka fara zuwa da umarnin fetch, wanda shi ne aka fi rubutawa yanzu.

Irin wannan buƙata tana da hali guda da ke wahalar da mai gyara: idan ta faɗi, ba ta ihu. Shafin yana nan tsaf da launukansa da maɓallansa, sai dai da'irar jira ta yi ta juyawa, ko tebur ya fito wayam. Umarnin fetch ma ba ya ɗaukar amsar 404 ko 500 a matsayin kuskure; a wurinsa tunda amsa ta zo, aiki ya yi. Sai wanda ya rubuta shafin ya sa an duba lambar amsar da gangan.

Furoksin ƙofa

Manhajar da ke riƙe da bayanai ba kasafai ake barinta ta fuskanci intanet kai tsaye ba. Ana ajiye wata saba a gabanta, ita ke karɓar duk mai zuwa, ta miƙa buƙatarsa ciki, ta karɓo amsa ta ba shi. Kamar zaure ne a gidan Bahaushe: baƙo a zaure yake sallama, yaro ya shiga da saƙo ya fito da amsa, baƙon bai san ɗakin da aka kai maganarsa ba. Nginx, wanda Igor Sysoev ya fitar a 2004, da Apache, da HAProxy su ne aka fi sa wa wannan aiki. Furoksin ne ke riƙe da takardar shaidar https, shi ke raba nauyi tsakanin sabobi, kuma shi ke ba da damar a tara manhajoji da yawa a ƙarƙashin suna ɗaya.

> Akwatin kalmomi
>
> Buƙatar bayan fage: saƙon da shafi yake aika wa saba ta hanyar JavaScript ba tare da shafin ya sake buɗewa ba.
>
> Furoksin ƙofa: sabar da ke tsaye gaban manhaja, tana karɓar buƙatu a madadinta. A takardun Turanci za a same shi da sunan reverse proxy.
>
> Hanya: sashen adireshi da ke biye da sunan shafi, kamar /makaranta/bayanai.
>
> Mashiga: lambar da manhaja take sauraro a kanta a cikin kwamfuta. Ta http 80 ce, ta https 443.
>
> Kanun saƙo: layukan bayani da ke saman kowace buƙata da kowace amsa, kamar Host da Location.

Manhajar da ke bayan furoksi tana da adireshi biyu: na ciki, wanda ita ta sani, da na waje, wanda jama'a suka sani. Furoksi ne ke fassara ɗaya zuwa ɗaya. Yana iya sauya hanyar buƙatar da ta iso gare shi cikin sauƙi. Yana iya gyara kanun amsar da za ta fita. Da ɗan wahala yana iya laluba cikin shafi ya musanya rubutu. Abin da ya fi ƙarfinsa shi ne adireshin da JavaScript ya harhaɗa a cikin burauza bayan shafin ya riga ya wuce. Yawancin matsalolin wannan darasi daga nan suke tasowa.

Misali na ɗaya: shafi ya buɗe, tebur babu kowa

A ɗauka wata makaranta tana da manhajar rajistar ɗalibai da ke sauraro a mashiga ta 3000 a cikin saba. An fito da ita ga malamai a adireshin https://misali.example/makaranta/. Malama ta buɗe a wayarta, shafi ya fito, ta danna maɓallin neman ɗaliban aji uku, shiru. Wanda ya rubuta manhajar kuwa ya dage cewa a kwamfutarsa tana aiki lafiya lau, kuma gaskiya ya faɗa.

A cikin umarninsa ya rubuta hanyar neman bayanai haka: /bayanai/dalibai. Hanyar da ta fara da alamar / tana nufin a koma tushen shafin a faro daga can. A kwamfutarsa manhajar ce ke zaune a tushe, don haka komai ya dace. A waje kuwa burauza ta haɗa https://misali.example/bayanai/dalibai, babu /makaranta/ a ciki. Furoksi bai san wannan hanya ba, tunda abin da aka umarce shi shi ne ya miƙa duk abin da ya fara da /makaranta/. Sai ya mayar da 404, manhajar kuwa ko labarin buƙatar ba ta ji ba.

Ana iya cewa to a cire alamar / ta farko, a rubuta bayanai/dalibai. Wannan yana aiki, amma da sharaɗi. Burauza tana lissafa irin wannan hanya ne daga inda shafin yake a lokacin, ta yanke duk abin da ke bayan alamar / ta ƙarshe. Daga /makaranta/ za a samu /makaranta/bayanai/dalibai, daidai ke nan. Daga /makaranta/aji/3 za a samu /makaranta/aji/bayanai/dalibai, an sake ɓata. Shi ya sa wani lokaci maɓalli ɗaya yake aiki a shafin farko ya ƙi a na ciki, har a zaci aljanu ne.

Akwai wanda ya fi wannan muni: a tarar an rubuta cikakken adireshi, http://127.0.0.1:3000/bayanai/dalibai, a cikin JavaScript. Lambar 127.0.0.1 tana nufin “wannan na'urar da kanta”. A kwamfutar marubucin manhajar tana nan, sai ta amsa. A hannun malama kuwa wayar ce take tambayar kanta.

Adireshi uku da za a jera

Duk binciken ya tattara ne a kan tambayoyi uku. Wane adireshi burauza ta aika? Wane adireshi furoksi ya miƙa ciki? Wane adireshi manhaja take jira? Idan aka rubuta ukun a takarda, ɗaya ƙarƙashin ɗaya, sau da yawa kuskuren yana bayyana tun kafin a taɓa saiti.

Amsar tambaya ta farko tana cikin burauza. A Chrome da Firefox da Edge, maɓallin F12 yana buɗe kayan aikin masu gina shafi. A shiga sashen Network, a zaɓi matatar buƙatun bayan fage, wadda Chrome ke rubutawa Fetch/XHR, sannan a danna maɓallin da ya ƙi aiki. Layi zai fito, galibi ja. A danna shi a karanta abu huɗu: cikakken adireshin, nau'in buƙatar ko GET ce ko POST, lambar amsar, da abin da ke cikin amsar. Na huɗun shi aka fi mantawa, shi kuma ya fi tona asiri, domin shafin 404 na Nginx fari ne fes da sunan nginx a ƙasa, na manhaja kuwa da kamanninta yake zuwa. Daga nan kaɗai an san ko buƙatar ta wuce furoksi ko a nan ta tsaya. A kuma leƙa sashen Console, inda burauza take rubuta abin da ita da kanta ta hana fita.

Tambaya ta biyu ana amsa ta da rajista. Nginx a yawancin kwamfutocin Linux yana rubuta duk mai shigowa a /var/log/nginx/access.log, kurakurai kuma a error.log da ke kusa da shi. A buɗe rajistar manhajar a gefe, a danna maɓallin sau ɗaya, a ga ko layi ya ƙaru a duka biyun, da kuma hanyar da kowanne ya rubuta.

Ta uku kuwa da umarnin curl ake gwada ta, daga cikin sabar, a tsallake furoksi gaba ɗaya:

curl -i http://127.0.0.1:3000/bayanai/dalibai

Idan wannan ya dawo da bayanai, manhaja lafiyarta ƙalau, laifin yana tsakanin burauza da furoksi. Idan ya ƙi, babu amfanin ɓata dare a kan saitin Nginx.

Misali na biyu: alama ɗaya a ƙarshen layi

A ce an gyara JavaScript, yanzu burauza tana aika /makaranta/bayanai/dalibai, amma har yanzu 404, wannan karon daga manhaja. Ga saitin:

location /makaranta/ {
    proxy_pass http://127.0.0.1:3000;
}

Ƙa'idar Nginx ita ce: idan adireshin da ke gaban proxy_pass ya tsaya a lambar mashiga, ana miƙa hanyar yadda ta zo, har da /makaranta/. Manhajar ba ta san wannan suna ba. Idan aka ƙara alamar / bayan 3000, sai Nginx ya yanke sashen da ya dace da location ya maye gurbinsa da wannan alama, manhaja ta karɓi /bayanai/dalibai. Akwai kuma hali na uku: location ba shi da / a ƙarshe, proxy_pass yana da shi. Abin da zai isa ciki shi ne //bayanai/dalibai, da alama biyu a gaba, wanda wasu manhajoji ke haƙuri da shi wasu kuma su ƙi. Abin da ya fi aminci shi ne ƙarshen layukan biyu su yi kama. Bayan kowane gyara a gudanar da nginx -t don a tabbatar saitin ya karantu, sannan a sake loda shi.

Misali na uku: amsa 200, amma ba ita aka nema ba

Wannan ya fi yaudara. Layin ba ja ba ne, lambar 200 ce, amma Console ya rubuta Unexpected token < tare da ƙorafin cewa abin da ya zo ba JSON ba ne. Shafin yana jiran bayanai a tsarin JSON, wanda galibi ke farawa da { ko [, sai aka miƙo masa shafin HTML, wanda ke farawa da <. Dalili biyu aka fi samu. Ko dai an saita furoksi ya mayar da index.html ga duk hanyar da bai gane ba, abin da ake yi wa manhajojin React da Vue, sai buƙatar da ta ɓace ita ma ta samu index.html. Ko kuwa manhaja ba ta gane mai buƙatar ba, ta tura shi shafin shiga, fetch ya bi turawar shiru ya kawo shafin shigar a matsayin amsa.

Dalili na biyu yakan koma ga kuki, ɗan bayanin da manhaja ke ajiyewa a burauza don ta gane wanda ya shiga. Kowane kuki yana da hanya da sunan shafin da aka ɗaure shi da su. Idan manhaja ta ɗaure shi da hanyarta ta ciki, misali /manhaja/, alhali jama'a suna zuwa ta /makaranta/, burauza za ta riƙe kukin ta ƙi aika shi. Umarnin proxy_cookie_path a Nginx da ProxyPassReverseCookiePath a Apache don wannan aka yi su.

Manhajar da ba ta san sunanta na waje ba

Idan ba a ce masa komai ba, Nginx yana cire sunan da baƙo ya nema ya sa na ciki a kan Host. Ga shi kuma tsakaninsa da manhaja yawanci http ne zalla, ko da baƙon ta https ya zo. Manhajar da ke gina adireshi daga abin da ta gani sai ta riƙa samar da adireshin http mai sunan ciki. Burauza kuwa tana da dokoki biyu da ba ta sassautawa a kansu, na gaurayen abun ciki da na CORS.

> Akwatin kalmomi
>
> Asali: haɗin abu uku, wato http ko https, sunan shafi, da mashiga. Ɗaya ya bambanta, asali ya bambanta.
>
> Gaurayen abun ciki: shafin https ya nemi wani abu ta http. Burauza tana toshe buƙatar bayan fage irin wannan.
>
> CORS: tsarin da saba take ba shafin wani asali izinin karanta amsarta.
>
> Turawa: amsar da ke cewa a je wani adireshi, mai lamba 301, 302, 307 ko 308.

Idan saƙon kuskuren CORS ya fito a shafin da ya kamata a ce komai nasa asali ɗaya ne, a fara zargin adireshin. Mutane da yawa suna garzayawa su buɗe izini ga kowa da alamar tauraro, su raunana tsaro a banza. Ga shi kuma burauza ba ta karɓar tauraron idan buƙatar tana ɗauke da kuki. Maganin shi ne a sanar da manhaja gaskiyar yadda baƙo ya zo:

proxy_set_header Host $host;
proxy_set_header X-Forwarded-Proto $scheme;
proxy_set_header X-Forwarded-For $proxy_add_x_forwarded_for;

Ita ma manhajar sai an ce mata ta yarda da waɗannan kanu. A Django akwai SECURE_PROXY_SSL_HEADER, a Express akwai trust proxy, a Flask ana amfani da ProxyFix. Manhajojin ba sa yarda da su sai an ce musu, saboda kowa na iya ƙirƙiro irin waɗannan kanu. Kada a kunna yardar sai an tabbatar babu hanyar isa manhaja sai ta furoksi. A 2014 an fitar da takardar ƙa'ida ta RFC 7239 mai kai guda, Forwarded, don ya haɗe su, amma har yau masu farawa da X ɗin aka fi gani a saiti.

Turawa tana da nata tarkon. Idan buƙatar POST ta gamu da 301 ko 302, burauza tana sake aika ta a matsayin GET, kayan da ke cikinta su zube a hanya. Malama ta cike makin ɗalibai ta danna ajiye, a sashen Network sai a ga layi biyu: POST mai 301, sai GET mai 405 ko wata amsa marar ma'ana. Sau da yawa sanadin bai wuce rashin / a ƙarshen hanya ba, ko turawa daga http zuwa https. Lambobi 307 da 308 suna riƙe nau'in buƙatar yadda yake, amma gara a gyara adireshin tun daga tushe. Burauza kuma tana haddace 301, don haka bayan gyara a kunna Disable cache ko a gwada a tagar sirri, in ba haka ba a yi ta gyaran abin da ya riga ya gyaru.

Akwai wasu lambobin da ake ɗora wa adireshi alhali ba nasa ba ne. 413 na nufin kayan da aka aika sun wuce iyaka, wadda a Nginx megabait 1 ce idan ba a ƙara ba. 504 na nufin manhaja ta wuce lokacin jira, wanda a Nginx daƙiƙa 60 ne idan ba a ƙara ba, ba ta ce uffan ba. 502 yawanci manhajar ce a kashe, ko an rubuta mashigar da ba tata ba.

Gyaran da ya kamata a zaɓa

Nginx yana da sub_filter, Apache yana da mod_proxy_html, dukansu suna musanya rubutu a cikin amsa kafin ta fita. Suna da amfani idan manhajar ta wani ce kuma babu damar taɓa ta. Amma sub_filter shafukan HTML kaɗai yake dubawa sai an ƙara masa wasu nau'o'in, sau ɗaya yake musanyawa sai an kashe sub_filter_once, kuma ba ya iya karanta amsar da aka matse da gzip sai an hana manhaja matsewa. Ko an yi duk wannan, adireshin da aka haɗa daga gutsattsari biyu ko uku a cikin JavaScript zai wuce shi, sabon fitowar manhajar kuma na iya rusa komai. Faci ne, a ɗauke shi a matsayin faci.

Gyara mai ɗorewa iri biyu ne. Na farko, a gaya wa manhaja adireshinta na waje a wuri guda, kowace buƙata ta ɗauko daga nan. Yawancin manhajoji suna da gurbin wannan a saitinsu, kamar FORCE_SCRIPT_NAME a Django da root_url a Grafana. Na biyu, a ba ta nata reshen suna, kamar makaranta.misali.example, ta zauna a tushe yadda aka gina ta. A nan hanyar ciki da ta waje sun zama ɗaya, furoksi ba shi da abin yankewa. Inda hali ya yi, wannan na biyun ya fi sauƙin riƙewa.

Tambayoyin bita

1. Me ya sa shafi zai iya buɗewa lafiya alhali buƙatunsa na bayan fage suna faɗuwa?
2. A kawo abu biyu da furoksi yake iya sauyawa, da abu ɗaya da ya fi ƙarfinsa.
3. Shafi yana /asibiti/marasa-lafiya/12, JavaScript ya nemi bayanai/magani. Wace hanya burauza za ta haɗa? Idan da /bayanai/magani aka rubuta fa?
4. Da location /kasuwa/ da proxy_pass http://127.0.0.1:8080/, me manhaja za ta karɓa idan aka nemi /kasuwa/kaya/5? Me za ta karɓa idan aka cire alamar / ta ƙarshe?
5. Ta yaya ake gane ko amsar 404 daga furoksi ta fito ko daga manhaja?
6. An ga Unexpected token < tare da lamba 200. A bayyana dalilai biyu da ke iya jawo haka.
7. Wane haɗari ke cikin sa manhaja ta yarda da X-Forwarded-Proto idan ana iya isa gare ta ba ta furoksi ba?
8. Aikin gida: a buɗe wani shafi mai akwatin bincike, a danna F12, a nemo buƙatar bayan fage guda, a rubuta adireshinta, nau'inta, lambar amsarta da layin farko na abin da ta dawo da shi. A zo da takardar darasi na gaba.